Dokar karayar arziki ta 2005 a Amurka da fushin masu zaɓe: tambayoyi da amsoshi

Tun daga shekarar 2005, duk lokacin da aka shiga kakar zaɓe a Amurka sai an tono ƙuri'ar da wasu 'yan majalisa suka kaɗa a kan dokar da ta tsananta wa mutumin da bashi ya yi wa katutu hanyar neman sauƙi a kotu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu zaɓe da waɗanda ake bi bashi suka fi nanatawa a kan lamarin.

Mece ce dokar karayar arziki, kuma wace kariya take ba mutum?

Doka ce da ke ba wanda bashi ya fi ƙarfinsa damar zuwa gaban kotun tarayya ya bayyana abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, domin kotu ta tsara yadda za a raba abin da ke akwai, ta kuma yafe masa ragowar. Tsarin mulkin Amurka ya ba majalisar tarayya ikon kafa wannan doka, kuma ginshiƙin wadda ake aiki da ita yau an kafa shi ne a 1978. Da zarar mutum ya shigar da takardunsa, masu bin sa bashi dole su dakata da kiran waya, da ƙarar kotu, da cire kuɗi daga albashinsa, har sai alƙali ya duba lamarin.

Hanya biyu ce talakawa suka fi bi. A Babi na 7, wani amintacce da ake naɗawa yana sayar da dukiyar da doka ba ta kare ba, ya raba wa masu bin bashi, sannan a yafe sauran cikin 'yan watanni. A Babi na 13 kuwa, mutum yana riƙe kayansa amma yana biyan wani kaso na samunsa duk wata na tsawon shekara 3 zuwa 5 kafin a yafe abin da ya rage. Mai karatun da ya san hukuncin muflisi a fiƙihu, da umarnin da ke aya ta 280 a Suratul Baƙara na a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ba zai ji tushen maganar baƙo ba, ko da yake tsarin Amurka ya ginu ne a kan bashi mai kuɗin ruwa.

Me dokar 2005 ta canza?

Babban canjin shi ne awon ƙarfin samu. A da, kusan kowa yana iya zaɓar Babi na 7, sai dai in alƙali ya ga alamar cin amanar tsarin. Yanzu ana haɗa abin da mutum ya samu cikin wata 6 kafin ya je kotu, a gwada shi da matsakaicin samun gida mai yawan mutane irin nasa a jiharsa. In samunsa ya haura, sai a cire kuɗin abinci da haya da sufuri bisa ƙiyasin hukumar tara haraji ta ƙasa maimakon abin da ya kashe da gaske, in an ga rara sai a ɗauka cewa neman Babi na 7 da ya yi cin zarafin doka ne, a tura shi Babi na 13.

Bayan wannan, dokar ta wajabta zuwa wurin masu ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin shigar da takardu, da halartar wani darasi na sarrafa kuɗi kafin a yafe bashin. Ta tsawaita tazarar da ke tsakanin yafiya da yafiya a Babi na 7 daga shekara 6 zuwa 8. Ta hana rage bashin mota zuwa ainihin darajar motar in an saye ta cikin kwana 910 kafin zuwa kotu. Ta ɗora wa lauya alhakin tabbatar da gaskiyar abin da mai ƙara ya rubuta, abin da ya sa lauyoyi suka ƙara farashi. Ta kuma shigar da bashin karatu na bankunan kasuwa cikin jerin basussukan da ba a yafewa cikin sauƙi, kamar yadda amsar tambayar bashin ɗalibai ta yi bayani a ƙasa.

Su wa suka zartar da ita, kuma yaya ƙuri'ar ta kasance?

Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa ne ya gabatar da ƙudirin. Majalisar Dattawa ta amince da shi ranar 10 ga Maris 2005 da ƙuri'a 74 a kan 25, Majalisar Wakilai ta biyo baya ranar 14 ga Afrilu da ƙuri'a 302 a kan 126, Shugaba George W. Bush ya sa hannu ranar 20 ga Afrilu, kuma dokar ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba. Dukkan sanatocin jam'iyyar Republican sun goyi baya, tare da sanatoci 18 na Democrat, ciki har da Joe Biden da Tom Carper na Delaware da Harry Reid, wanda shi ne jagoran 'yan jam'iyyarsa a majalisar a lokacin. A Majalisar Wakilai 'yan Democrat 73 ne suka goyi baya. Barack Obama ya ƙi a Majalisar Dattawa, Bernie Sanders ma ya ƙi a ta Wakilai.

Tafiyar ta ɗauki kimanin shekara 8. Majalisa ta taɓa zartar da irin wannan ƙudiri a ƙarshen 2000, amma Shugaba Bill Clinton ya ƙi sa hannu har zaman majalisar ya ƙare, ƙudirin ya mutu. A 2001 aka sake kawo shi, Hillary Clinton tana sabuwar sanata ta goyi bayansa, amma ya maƙale a 2002 saboda taƙaddama kan wani sashe da Sanata Chuck Schumer ya saka domin hana kotu yafe tarar masu zanga-zangar adawa da zubar da ciki. Ranar ƙuri'ar 2005 Hillary Clinton ba ta majalisa, domin ranar ce aka yi wa mijinta tiyata.

Me ya sa ake cewa an rubuta dokar ne domin masu ba da bashi?

Saboda kamfanonin katin bashi da bankuna ne suka yi shekaru suna kamun ƙafa a kanta, suna kuma zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen 'yan majalisa na jam'iyyun biyu, kuma kusan kowane sashe nata yana ƙara abin da mai bin bashi zai karɓa. Asalin ƙarfin waɗannan kamfanoni ya faro ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 a shari'ar bankin Marquette, wanda ya ba banki damar cajin kuɗin ruwa bisa dokar jihar da yake da mazauni, ko da abokin cinikinsa yana wata jiha mai iyaka. Jihohin Dakota ta Kudu da Delaware suka cire iyakar a farkon shekarun 1980, kamfanonin kati suka kwarara can. Kamfanin MBNA, ɗaya daga cikin manyan masu ba da katin bashi a lokacin, yana da hedikwata a birnin Wilmington na Delaware, kuma ma'aikatansa suna cikin manyan masu ba Biden gudummawar siyasa.

Abin da ya fi ɓata ran masu sukar dokar shi ne yadda aka ɗora laifin duka a kan mai karɓar bashi. A daidai shekarun da kamfanonin ke kukan cewa mutane suna gudun biya, su ne kuma suke aika wasiƙun tallan kati gida-gida, har ga ɗalibai da waɗanda ba su da tsayayyen samu, domin riba mafi tsoka tana wurin mutumin da ke biyan mafi ƙanƙantar kaso duk wata, kuɗin ruwa da tarar jinkiri suna hauhawa a kansa. Dokar ba ta taɓa wannan ɗabi'a da wani abin kirki ba, in ban da wani gargaɗi na gama-gari da ta ce a riƙa bugawa a takardar lissafi.

Wace hujja magoya bayan dokar suka kawo, kuma tana da tushe?

Sun ce yawan masu zuwa kotu ya haura miliyan ɗaya a shekara tun 1996 alhali tattalin arziki yana bunƙasa, cewa kunyar karayar arziki ta gushe, kuma akwai masu albashi mai kauri da ke zubar da bashin da suke da halin biya. Sun kuma yi iƙirarin cewa bashin da ake yafewa yana jawo wa kowane gida asarar kimanin dala 400 a shekara ta hanyar tsadar kuɗin ruwa, alƙaluman da masana da dama suka musanta. Adalci ne a faɗa cewa hujjar ba fanko ba ce gaba ɗaya. Masu cin amanar tsarin suna nan, kuma wani bincike na masana tattalin arziki da aka wallafa a 2021 ya gano cewa raguwar masu zuwa kotu ta ɗan saukar da kuɗin ruwan katin bashi.

Sai dai wannan binciken ya kuma nuna cewa mutumin da ba shi da inshorar lafiya, aka kwantar da shi asibiti, damarsa ta samun sauƙi a kotu ta ragu ƙwarai bayan dokar. Dama mafi yawan masu zuwa kotun samunsu yana ƙasa da matsakaicin jiharsu, don haka awon samu bai kama su ba, amma tsadar lauya da tulin takardu sun kama su. An kafa tarko domin ɓeraye ƙalilan, sai ya zama kajin gida ne suka fi faɗawa ciki.

Ashe ba a yi ƙoƙarin kare marasa lafiya da sojoji ba?

An yi, kuma a nan ne fushin ya samo mafi yawan makamashinsa, domin kowace ƙuri'a tana rubuce da sunan wanda ya kaɗa ta. Cikin makonni biyu na muhawara a watan Maris 2005, Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran Sanata Edward Kennedy na sassauta wa waɗanda kuɗin asibiti ya karya, da gyaran Sanata Dick Durbin na keɓe sojojin da ke bakin aiki daga awon samu a lokacin da ake yaƙi a Iraƙi da Afghanistan, da gyaran Sanata Russ Feingold na kare gidajen tsofaffi, da gyaran Sanata Mark Dayton na hana kuɗin ruwa wuce kashi 30 cikin ɗari. Cikin abin da aka amince da shi game da sojoji akwai ɗan taƙaitaccen sassauci ga wasu naƙasassun tsoffin sojoji. Jagororin masu rinjaye sun so ƙudirin ya wuce ba tare da manyan gyare-gyare ba, domin Majalisar Wakilai ta karɓe shi yadda yake, kada a sake maimaita abin da ya faru a 2002.

Maganar rashin lafiya ta yi nauyi domin a watan Fabrairun shekarar ne Elizabeth Warren, wadda a lokacin farfesar shari'a ce a jami'ar Harvard, tare da likita David Himmelstein da abokan aikinsu, suka wallafa binciken da ya danganta kusan rabin karayar arzikin magidanta da ciwo ko kuɗin magani. Wasu masana sun ce adadin ya yi yawa, kuma har yau ana jayayya kan ma'aunin. Amma babu mai musun cewa rasa aiki, ciwo da mutuwar aure su ne manyan abubuwan da ke kai iyali gaban wannan kotu. Majalisa da kanta ta dawo daga baya ta gyara wani ɓangare: a 2008 ta sassauta wa sojojin ko-ta-kwana da aka kira bakin daga, a 2019 kuma ta cire kuɗin naƙasar tsoffin sojoji daga lissafin samu.

Gaskiya ne an bar wa masu kuɗi ƙofar fita?

An rage ta, amma ba a rufe ba. Jihohi irin su Florida da Texas suna kare gidan da mutum ke zaune a ciki komai tsadarsa, shi ya sa attajirin da ya hango karaya kan zuba dukiyarsa a katafaren gida a can. Dokar 2005 ta ce sai mutum ya zauna a jiha kwana 730 kafin ya ci moriyar kariyarta, ta kuma sa iyakar dala 125,000 a kan gidan da aka mallaka cikin kwana 1,215 kafin zuwa kotu, iyakar da ake ɗagawa duk bayan shekara 3. Wanda ya yi shirinsa da wuri, gidansa yana nan daram. Haka kuma gyaran da Schumer ya kawo domin toshe asusun amana da masu hali ke ɓoye dukiya a ciki, irin wanda dokokin Delaware da Alaska da Nevada suka halatta, bai samu shiga ba. Aka maye gurbinsa da sashen da ke buƙatar a tabbatar da niyyar zamba, abin da ke da wuyar tabbatarwa a kotu.

Me ya faru bayan dokar ta fara aiki?

Kafin 17 ga Oktoba mutane sun yi dogayen layuka a ƙofar kotuna domin su shiga ƙarƙashin tsohuwar doka, har adadin shekarar 2005 ya haura miliyan 2. A 2006 ya faɗo zuwa kimanin 600,000, sannan rikicin tattalin arzikin 2008 ya sake ɗaga shi zuwa kimanin miliyan ɗaya da rabi a 2010. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ba da rahoto a 2008 cewa matsakaicin kuɗin lauya a Babi na 7 ya tashi daga dala 712 zuwa 1,078, ban da kuɗin kotu da na darussa. Wannan ne ya haifar da yanayin da mutum yake talaucin da ba zai iya biyan kuɗin bayyana talaucinsa ba, sai ya jira kuɗin harajin da gwamnati ke mayarwa a farkon shekara kafin ya je wurin lauya.

Guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a ƙarshen Agusta 2005, makonni kaɗan kafin dokar ta fara aiki. An roƙi majalisa ta jinkirta ta ga waɗanda ambaliyar ta shafa, shugaban kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai James Sensenbrenner ya ƙi, sai ma'aikatar shari'a ce ta sassauta wasu sharuɗɗa, ciki har da na neman shawara, a yankunan da abin ya shafa.

Me ya sa bashin ɗalibai yake yawan fitowa a wannan magana?

Tun 1976 majalisa ta fara taƙaita yafe bashin karatu na gwamnati, a 1998 kuma ta rufe ƙofar sai ga wanda ya tabbatar wa alƙali cewa biyan zai jefa shi cikin matsanancin ƙunci, ma'aunin da kotuna suka fassara da tsauri. Hujjar ita ce kuɗin jama'a ne. A 2005 sai aka ba bashin karatu na bankunan kasuwa irin wannan kariya, alhali riba suke nema kuma ba su da sassaucin biya gwargwadon samu irin na gwamnati. Matasan da suka girma da wannan nauyi su ne suka zama masu zaɓe a 2016 da 2020, shi ya sa dokar da aka yi suna yara ta zama tasu. A Nuwamba 2022 ma'aikatar shari'a ta fitar da sabon tsarin da ya sauƙaƙa neman yafiyar bashin gwamnati, amma sashen da ya shafi bankunan kasuwa yana nan yadda aka rubuta shi.

Akwai ɗan majalisar da ya rasa kujerarsa saboda wannan ƙuri'a?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Albert Wynn na jihar Maryland, ɗan Democrat a Majalisar Wakilai da ya goyi bayan dokar. Donna Edwards ta ƙalubalance shi a zaɓen fidda gwani na 2006 tana ambaton wannan ƙuri'a tare da ta yaƙin Iraƙi, ta sha kaye da ƙyar, sannan ta kada shi da tazara mai faɗi a Fabrairu 2008, lokacin da ƙwace gidajen da aka kasa biyan bashinsu ya addabi mazaɓar. A Connecticut, Sanata Joe Lieberman, wanda ya amince a rufe muhawara a kan ƙudirin kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana, ya faɗi zaɓen fidda gwani na 2006 a hannun Ned Lamont, ko da yake yaƙin Iraƙi ne babban dalili, kuma ya dawo kujerarsa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Mafi yawan waɗanda suka goyi bayan dokar sun ci zaɓensu na gaba, kuma tsarin Amurka bai tanadi kiranye ga 'yan majalisar tarayya ba, saɓanin tsarin mulkin Najeriya, don haka mai fushi sai ya jira shekara 2 ga wakili ko 6 ga sanata.

Fushin ya fi yin tasiri a hankali. Warren, wadda ta yi musayar yawu da Biden a zaman kwamitin shari'a a 2005, ta zama mai kitsa hukumar kare masu mu'amala da bankuna da aka kafa a 2010, ta kuma ci kujerar sanata a Massachusetts a 2012. Hillary Clinton ta sha tambaya kan ƙuri'arta ta 2001 a takarar 2008 da ta 2016, ta kuma bayyana nadama a kanta. A Maris 2020, ana tsakiyar takara da Sanders, Biden ya sanar da goyon bayansa ga shirin Warren na warware manyan sassan dokar da shi kansa ya taimaka aka kafa.

Me ya sa ake cewa a duba ƙuri'ar rufe muhawara, ba ta ƙarshe kaɗai ba?

A Majalisar Dattawa ƙudiri yana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a kansa, amma rinjaye kawai yake buƙata a ƙuri'ar ƙarshe. Don haka wurin da za a iya tare shi da gaske shi ne ƙuri'ar farko. Ranar 8 ga Maris 2005 aka rufe muhawara da ƙuri'a 69 a kan 31, kuma Lieberman yana cikin waɗanda suka amince a rufe, sannan ya ƙi ƙudirin bayan kwana biyu, lokacin da ƙin nasa ba zai hana komai ba. Mai zaɓen da ke son sanin matsayin wakilinsa ya kamata ya duba wannan ƙuri'a, ya kuma duba yadda ya yi a kan gyare-gyaren da aka ambata a amsar marasa lafiya da sojoji. Dukkansu suna shafukan intanet na majalisun biyu, kowa da sunansa.

An soke dokar, ko akwai sauran hanya ga wanda bashi ya danne yau?

Ba a soke ta ba. A 2009 an yi dokar katin bashi da ta hana ƙara kuɗin ruwa kan tsohon bashi ba gaira ba dalili, ta kuma tilasta a nuna wa mutum tsawon lokacin da zai ɗauka in yana biyan mafi ƙanƙantar kaso. Amma a Afrilun 2009 Majalisar Dattawa ta yi watsi, da ƙuri'a 51 a kan 45, da yunƙurin Durbin na ba alƙalai ikon rage bashin gidan da mutum ke zaune a ciki, duk da cewa 'yan Democrat ne ke da rinjaye, kuma a wannan makon ne Durbin ya fito fili ya ce bankuna ne ke riƙe da majalisar. An sha gabatar da ƙudirin sake fasalin dokar tun daga lokacin, ciki har da na Warren a 2020, babu wanda ya kai ga zama doka.

Duk da haka ƙofar kotu a buɗe take. Wanda samunsa bai kai matsakaicin jiharsa ba yana iya shiga Babi na 7 ba tare da kashi na biyu na awon ba, mai ƙaramin ƙarfi sosai yana iya roƙon a ɗauke masa kuɗin kotu ko ya biya kashi-kashi, kuma ba sharaɗi ba ne mutum ya zama ɗan ƙasa, zama a Amurka ko mallakar dukiya a cikinta ya wadatar. Bayanin Babi na 7 yana zama a tarihin bashin mutum har shekara 10, kuma ba a yafe kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata da mafi yawan harajin baya-bayan nan. Tun da kariyar gida da mota ta bambanta daga jiha zuwa jiha, ya kamata mutum ya ga lauyan da ya san dokar jiharsa, ko ofishin taimakon shari'a na kyauta, kafin ya sayar da wani abu ko ya taɓa kuɗin fanshonsa domin biyan kati, domin mafi yawan asusun fansho doka ta riga ta kare su daga masu bin bashi.